Sanarwa: Kowa ya kawo albam ɗin da ya fi kwanta masa a rai

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Wannan makon kowa zai ba mu albam ɗin da yake ƙauna, kowane irin kiɗa ne. Bari in buɗe fage.

Nawa shi ne Talking Timbuktu na marigayi Ali Farka Touré, mutumin Niafunké a ƙasar Mali. Tare da Ry Cooder na Amurka suka fitar da shi a 1994, har ya ci kyautar Grammy. Ku kunna shi da daddare, lokacin da gari ya yi tsit. Jitarsa ba ta gaggawa, in kuma ya ɗauki njarka, ɗan gogen nan mai tsirkiya ɗaya, wallahi sai ka tuna da kukuma. Na kwashe shekaru ina jin sa, har yau bai gundure ni ba.

Daga Agadez akwai Nomad na Bombino, 2013, wannan kam na rawa ne. Masu son rege su nemi Exodus, 1977, wanda Bob Marley ya naɗa a Landan bayan an yi yunƙurin kashe shi a Kingston. Kind of Blue na Miles Davis, 1959, busa ce da kiɗa zalla, babu waƙa, sai mai haƙuri.

Don Allah kada a turo waƙoƙin kansu, suna cinye data. Suna, shekara da dalilinka sun wadatar. Kada kuma a kushe zaɓin wani. Ranar Juma'a za mu rufe.