Godiya ga ƙaramin ofishin Berastagi da ya wanke mana takaici

Zuwa ga maigidan ofishin jagoran baƙi da ke bakin babban titin Berastagi, da baiwar Allahn da ke zama a kan tebur, da direbanku.

Bayan gaisuwa mai yawa. Mejuah-juah, kamar yadda kuka koya mana gaisuwar Karo, ƙabilar yankinku. Na san ba kwa jin Hausa, amma na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a, don duk wani namu da ƙafa za ta kai shi arewacin Sumatra ya san har yanzu akwai masu riƙon amana a wannan sana'a.

Ba za ku manta yadda muka shigo muku ba, ni da Baffana: da rana tsaka, da jakunkuna, fuska a murtuke. Ina karatu a Malesiya, Baffa ya zo duba ni, na ce bari in tsallaka da shi Indonesiya ya ga duwatsu masu aman wuta da idonsa. Tun kafin mu taso na yi magana da wani kamfani a intanet. Hotuna masu kyau, baki kamar zuma, har da alkawarin za su kai mu gindin dutsen Sinabung mai aman wuta. Na tura kafin alƙalami. Muka sauka filin jirgin Kualanamu, babu mota, babu mai ɗauke da allon sunanmu. Na kira, aka ce direba yana hanya. Bayan awa biyu aka ce taya ta fashe. A kira na uku wayar a kashe take, kuma har yau ba a kunna ta ba. Muka kwana a Medan ba da niyya ba, washegari muka shiga motar haya muka hau tudun nan mai kwane-kwane, wajen kilomita 65, Baffa bai ce mini uffan ba. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na tsaya gaban teburinku, da ɗan Malayancin da na tsinta, maganata ta farko ita ce ba zan ba da ko rupiya ɗaya ba sai an gama aiki. Baiwar Allahn nan ko gezau. Ta ce to, ta jawo wa Baffa kujera, tana kiransa "Bapak", wato Baba, sannan ta shimfiɗa taswira.

Da na ambaci Sinabung sai ta girgiza kai. Ta ce ba su kai kowa cikin yankin da hukuma ta hana shiga, ko nawa za a biya. A nan na gane irin haɗarin da wancan kamfani ya so ya sayar mini. Dutsen nan mai tsayin mita 2,460 ya yi shiru kusan shekara 400, sai a watan Agustan 2010 ya farka. A Fabrairun 2014 zazzafar toka ta gangaro ta kashe mutum 16, a Mayun 2016 ta sake kashe wasu 7, kuma an kwashe ƙauyuka sukutum an mayar da mutanensu Siosar. Ta ce in kallo muke so, mu hau tudun Gundaling da sassafe kafin gajimare ya rufe, daga nan ana hango Sinabung da dutsen Sibayak, shi ma mai aman wuta, duka. Kuɗi ne fa take turewa da hannunta. Ban saba ganin haka ba.

Sai ta dubi yadda Baffa ke dafa gwiwa in zai zauna, ta ce hawan Sibayak da asuba ba nasa ba ne: ni in tafi da jagora, shi direba ya kai shi wajen ruwan zafi ya jira ni. Ta cire kuɗin hawan mutum ɗaya daga lissafi ba tare da na roƙa ba.

Na hau, na ga ramukan da ke fesar da tururi da ƙara kamar tukunyar injin, bakinsu ya yi rawaya da farar wuta, wari kuwa na baragurbi sak. Amma direbanku nake son in yi magana a kansa. Da na sauko ƙauyen Semangat Gunung, inda ruwan zafin yake, na tarar da Baffa cikin ruwa har wuya, yana murmushin da rabona da shi tun filin jirgi. Ya ce, "Ɗan nan, ka san mutumin nan ya ceci zobena?" Ashe zai shiga ke nan direban ya riƙo hannunsa, ya nuna zoben azurfarsa, ya yi masa alamar ya cire, don farar wutar da ke cikin ruwan tana mayar da azurfa baƙa. Babu yaren da ya haɗa su. Ya naɗe zoben a hankici ya zauna gefe yana gadinsa, yana leƙa agogo, in an jima ya yafito Baffa ya fito ya sha iska ya sha ruwa kada jiri ya kwashe shi.

Shi ne kuma, da yake yawancin Karo Kirista ne, ya nuna mini haruffan BPK da ke rubuce a gaban gidajen abinci da yawa, ya ce gasasshen alade ke nan, kada mu yi kuskure. Shi kansa ba Musulmi ba ne, amma sau biyu yana tsayawa a ƙofar masallaci tun ban buɗe baki ba.

A ƙauyen Dokan bai bar mu mun faɗa gidan mutane da kyamara ba. Ya shiga ya yi sallama, ya nemi izini, sannan muka hau tsani muka sunkuya ta 'yar gajeriyar ƙofa. Siwaluh jabu suke kiran irin gidan, wato na iyali takwas: ɗaki guda ne babba a kan dirkoki, murhu huɗu, kowane iyali biyu da nasu, an haɗa katakon ba ƙusa, rufin na baƙin zaren wata bishiya dangin giginya, da ƙahon ɓauna a can ƙololuwa. Hayaƙin shekaru ya mayar da cikin baƙi ƙirin. Baffa ya daɗe yana shafa igiyar da aka ɗinke allunan bango da ita cikin siffar ƙadangare. Daga nan muka leƙa Sipiso-piso, ruwan da ke zubowa daga tsayin mita 120 kusa da tafkin Toba. Mota lafiya, lokaci daidai, lissafi bai ƙaru ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, wannan bai kamata ya zama abin mamaki ba. Na yi 'yan tafiye-tafiye, kuma kusan ko'ina baƙo saniyar tatsa ce. A karɓi kuɗinka da fara'a, daga baya a ce tikitin shiga daban, man mota daban, a ajiye ka a shagon abokin direba awa guda ana jiran ka sayi abin da ba ka so. In ka yi ƙorafi a ce ba ka karanta sharuɗɗa ba. Wasu da manyan ofisoshi da gilashi da na'urar sanyi, amma ba mai iya ce maka "wannan ba zai yiwu ba".

Baffa ya koma gida. Ya ce in gaishe da direba, in kuma shaida masa gwiwar ta yi sauƙi na kwana uku kafin ta dawo da halinta, zoben kuwa yana nan fari tas.

Naku,
baƙon da ya ƙi biyan kafin alƙalami