Ɗana, kada ka taɓa malamin da ke sashen baya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ƙafar da sauƙi, alhamdu lillahi, amma likita ya ce zamana a nan Zariya bai ƙare ba, don haka gidan Rijiyar Zaki yana hannunka har in dawo. Na sa ƙanwarka ta rubuta maka ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Labari ya iso ni cewa ka shiga gidan da dillali, kun zagaya har sashen baya, ka kuma ce wa kawunka abin da malam yake biya ko hayar shago bai kai ba. Wanda ya gaya mini ba ya ƙari a zance.

Na san hujjarka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, siminti da kwano da fenti sun fi ƙarfin talaka. Ban hana ƙari ba. Amma ƙari yana da hanya. Ka je da ƙafarka bayan la'asar, ka yi sallama, ka zauna a kan tabarmarsa, ka gaya masa tun da sauran watanni kafin hayarsa ta ƙare. Ka sa abin da albashin malamin makaranta zai iya ɗauka, in ya roƙi ya biya sau biyu, ka yarda. Takarda ta ƙarƙashin ƙofa ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Shi kuwa dillali, ka san da me yake cin abinci? La'adarsa kashi 10 cikin 100 ce, kuma sai sabon ɗan haya ya shigo take faɗowa. Mutumin da ya zauna lafiya yana biya kowace shekara ba ya kawo masa ko kwabo. To me zai hana ya ce maka gidan ya fi haka? Shi ba zai gaya maka cewa mai biyan shekara doka ta ba shi notis na wata 6 ba, kuma in aka kai ga kotu, kai ne za ka yi ta sintiri. Ba zai lissafa maka watannin da ɗaki zai zauna a kulle ba, da fentin da za ka sake, da makullai, da ƙofar banɗaki. Sannan wanda zai kawo maka, fuskarsa kawai ka gani. Shekarar farko kowa yana biya, tunda sai ya biya ake ba shi makulli. A shekara ta biyu ake sanin ɗan haya.

Kana cewa na cika sanyi, na bar 'yan haya sun raina ni. Wane raini? Malam ne yake fitowa da shebur ya yashe kwata tun kafin ruwan farko, ba tare da kowa ya sa shi ba. Shi yake tara kuɗin wuta, ya sa wa mita kati, ya rubuta a bayan kalanda wanda ya bayar da wanda ya rage, shi ya sa ba ka taɓa jin faɗan wuta a gidan nan ba. Da silin ɗin falonsa ya fara tabo, tun yana kamar tafin hannu ya kira ni, kafinta ya canza kwano ɗaya aka huta. Wani sai silin ya rufto a kan gado zai buɗe baki, ya ce a cire a kuɗin haya. Abin da na rage wa malam, ya daɗe da mayar mini da shi ta nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuma gyara naka ne, kada ka ja. Rufi, sokawe, famfon rijiya, katangar da ta tsage, duk na mai gida ne. In an kira ka, ka ɗaga waya. In ba kuɗi a lokacin, ka faɗi ranar da za ka zo, ka kuma cika. Ɗan hayan kirki ba ya yawan tashi don tsada. Abin da ke korarsa shi ne ya ga ba a ɗauke shi mutum ba. Kada ka faɗa wa mutane gida babu sallama don kawai takardar gidan tana hannunmu. Akwai matan aure a ciki.

Abin da ya hana ni barci ke nan, ɗana: in ji an ce ɗana ya fitar wa wani da kaya waje. Kai? Kai da aka goya a daminar da aka fitar mana da kaya waje a Fagge? In ka manta, tambayi mahaifiyarka abin da ya sami gadonta da kwallayenta. Na yi wa Allah alkawari a kan gidan nan tun ana haƙa harsashinsa, kuma ba zan yarda ka warware mini shi ina kwance a asibiti ba. Ka yi karatu, ka san abin da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce game da wanda yake cikin ƙunci: a jira shi har ya samu sauƙi. Malam ma ba a cikin bashi yake ba. Bara ce kaɗai ya yi jinkiri, lokacin da matarsa ta haihu ta tiyata, kuma da kansa ya zo ya faɗa tun kafin ranar ta cika. Wannan za ka kora don wani ya ɗaga maka lissafi a waya?

Na san nauyi ya yi maka yawa, ga kuɗin maganina, ga makarantar yara, kuma ba ka taɓa yi mini ƙorafi ba. Allah Ya yi maka albarka. In matsin ne, ka sayar da ragunan nan biyu, na yafe.

Kafin ruwan Agusta ka sa a duba indararon da ke ta gabas, ka kuma kira masu kwashe sokawe, mai ɗinkin da ke sashen gaba ta yi magana tun kafin in taho. Rasit ɗin kowa yana cikin jakar da ke ƙarƙashin gadona. Ka gaida malam, ka ce na ji saƙon dubiyarsa. Ranar Juma'a ka kira ni, ina son jin yadda kuka yi.

Mahaifinka.