Zuwa ga Abba, Kafin Ka Kama Hanyar Inugu

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan Kawunka. Saƙonka ya iso cewa Inugu aka tura ka bautar ƙasa. Kafin la'asar Goggonka ta zo gida hankali tashe, wai a haɗa kuɗi, ko nawa ne, a nemi hanya a dawo da kai Gombe ko Jigawa. Na ce a dakata sai na yi magana da kai.

Na tambaye ta me ta sani game da Inugu. Ta ce ai kowa ya san halinsu. Goggonka ba ta taɓa wuce Jos ba. Abin da take kira sani, ji ta yi a bakin kakarka tun tana goyon ƙannenta, ita ma kakar taka a bakin wasu ta ji. Kuma ka tabbata a can ma akwai wata goggon da ke kuka yau don an turo ɗan ɗan'uwanta Bauchi, an gaya mata kowane Bahaushe da wuƙa yake kwana.

Wannan tsoro yana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. An zubar da jini a 1966, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma don ɗinke wannan ɓaraka Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973. Mu nan ma mun ga rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991, wanda ya fantsamo har cikin garin Bauchi. Amma labarin da ake gadar wa yara rabi ne. Wa ya taɓa gaya maka cewa magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, kuma mutanen garin ne suka zaɓe shi? Irin wannan ba ya yawo a majalisa, domin ba ya sa kowa ya zaro ido. Ga kuma Ibon da ke sayar mana da magani da kayan gyaran mota shekara da shekaru, 'ya'yansu suna Hausa kamar kai. Kowa yana da nasa a cikinsu da yake cewa "ai wannan daban ne." In kowanne da muka sani daban ne, to su wa muke tsoro?

Haka zancen asali yake a cikin gidanmu. Ka san yadda aka watsa maganar auren 'yar Baffanka don kawai kakan yaron mahauci ne, alhali yaron yana da sana'arsa da addininsa, babu wanda ya kawo aibunsa ko ɗaya. Naman muna ci, askin wanzami muna zuwa, fartanyar maƙeri da ita muke noma, amma in aka zo aure sai a ce a bincika. Abin dariya, a garin Yakubu ake wannan. Malam Yakubu da Shehu Usmanu ya ba tuta, wanda ya kafa birnin nan, daga Gerawa ya fito, karatunsa da amanarsa aka duba. Kuma kowa ya haddace ayar Suratul Hujurat da ta ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. A masallaci muna gyaɗa kai, a zaure kuma sai mu koma kan abin da muka tarar.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi damuna, don ita ce za ta fara cim maka. Alawus ɗinku naira 77,000 ne a wata, kuma tun ba ka karɓi ko sisi ba na san akwai masu lissafi da shi. An raine mu a kan cewa wanda ya ce babu marowaci ne, wanda ya rubuta bashi bai yarda da ɗan'uwansa ba, wanda ya yi tanadi kuma ya raina tawakkali. Ban san inda muka samo wannan ba, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Zumunci wajibi ne, kuma ina so ka yi shi. Amma anko da gudunmawar bikin da aka yi don kada a ce gidan wane sun gaza, wannan tsoron bakin mutane ne aka sa wa rigar zumunci. Na ga magidanta da suka sayar da gona saboda lefe, na kuma ga waɗanda ke gudun banki suka kwashi jarinsu suka zuba a MMM, tsarin zuba kuɗin nan na yaudara, a 2016, don kawai maƙwabci ya ce ya samu. Ka ware abin da za ka iya bayarwa tun farkon wata, ka ba Innarka ta raba. Wanda ya kira ka bayan haka, ka ce ya same ni.

Ni ra'ayina ka tafi. In ka je ka ga zaman ba zai yiwu ba, akwai hanyar neman sauyi a hukumance, ba sai an ba kowa cin hanci ba. Kada ka yi tafiyar dare. A 2021 aka fara tilasta wa mutane zaman gida na ranar Litinin a yankin, don haka ka tambayi mutanen wurin yadda ake ciki kafin ka fita ranar. In kun fito daga sansani ka nemi masallacin Juma'a, ka je ka gaida Sarkin Hausawa don a san da kai. Amma kada ka ƙare shekarar a tsakanin 'yan uwanmu kaɗai. In maƙwabci ya yi rashi ka je gaisuwa, ka koyi gaisuwarsu ko da kaɗan ce.

Kuɗin mota na tura wa Kawunka. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka biyo ta gida ka karɓi yaji da ƙuli-ƙuli, ka kuma leƙa Goggonka ku yi sallama.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya.

Mahaifinka,
Bauchi