Littafin da ya raba yarana da waya

Edita, assalamu alaikum, a ɗan ba ni fili. Satin da ya wuce ƙanena ya kawo wa yara wani sabon littafin almara na Turanci, labarin yarinyar da ta faɗa duniyar aljanu, wallahi tun ranar ba wanda ya ƙara yi min kukan a ba shi waya, babbar tana karantawa tana fassara wa ƙannenta, har Inna da ba ta yi boko ba sai ta jawo tabarma tana "to sai aka yi yaya?" Ni kam Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya tuno min, wanda ya fito tun 1934. Marubutanmu na Kano, soyayyar nan ta isa haka, ku rubuta wa yara irin wannan da Hausa mana.

Naku,
Wani magidanci daga Zariya