Mai Motar Turbo Ya San Man Da Take Sha Kafin Ya Taɓa Kwamfutarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu na Kano da Kaduna da Abuja da suka raja'a kan motocin tsere masu turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin), irin su Golf GTI da BMW 335i, waɗanda kuma da su suke zuwa aiki da cefane kullum. Abin da ake yayi yanzu shi ne a kai motar wurin mai gyara ya jona mata kwamfuta, ya sauya lissafin da kamfani ya tsara wa injin, turbo ya riƙa cusa iska fiye da yadda aka ƙayyade masa. Ƙarfin yakan ƙaru, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ba a gaya wa mai motar shi ne, yawancin waɗannan manhajoji an rubuta su ne a Turai ko Amurka, bisa irin man fetur ɗin da ba a samu a famfunanmu.

Batun yana kan abin da ake kira oktan, wato ma'aunin juriyar mai ga matsi da zafi kafin ya kama da kansa. A nan ne da yawa suke ruɗewa, domin ma'aunin Amurka daban, na Turai da muke bi daban. Wanda ya shigo da mota daga Amurka ya ga an rubuta 91 a murfin tanki, sai ya ji an ce man Najeriya ma wajen 91 yake, ya ɗauka an dace. Ba a dace ba. Lamba 91 ta Amurka ta yi daidai da kusan 95 a ma'auninmu, 93 ɗinsu kuwa kusan 98 ke nan, namu na 91 kuma shi ne 87 ɗinsu, wato mafi ƙasƙanci a galibin gidajen mansu.

Idan mai ya gaza, wani sashe na cakuɗen iska da fetur yakan fashe da kansa a cikin silinda kafin wutar fulogi ta cim masa, ya bugi fistan kamar guduma. Injin yana da na'urar da ke jin wannan bugun, sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi, motar ta ɗan yi sanyin jiki amma ta tsira. Kamfani ya bar wannan sararin kariya da gangan saboda ranar mummunan mai, shi kuma mai sauya lissafi daga cikin sararin yake yanko ƙarin ƙarfin da yake sayarwa. A haɗa wannan da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, motar ta daɗe a cunkoson Mararaba ko Nyanya har na'urar sanyaya iskar turbo ta ɗauki zafi, sannan hanya ta buɗe direba ya take totur har ƙasa alhali giya tana sama. A irin wannan lokaci ne gefen fistan yake tsagewa, a wayi gari ana cigiyar injin Beljiyam.

Ingancin man ma ba shi da tabbas. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci suka riƙa mutuwa a hanya; balle man 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san abin da ke cikin jarkar. Kwalaben ƙara oktan da ake tallatawa kuwa ƙarin da suke yi kaɗan ne, masu sinadarin manganis a cikinsu ma sukan bar jan datti a bakin fulogi.

A ganina, motar da ake hawa kullum gara a bar ta yadda kamfani ya tsara ta. Wanda ya nace sai ya ƙara, ya tabbatar an rubuta masa lissafin a kan man da yake saye, a kuma gwada motar da tsakar rana a duba ko kwamfuta tana jinkirta wutar fulogi. Ya yi amfani da baƙin mai mai alamar API SP, wanda aka fito da shi a 2020 musamman don rage irin wannan fashewar a injinan turbo, ya riƙa yin juye da wuri, kuma kada ya cire matatar iska ta asali ya sa buɗaɗɗiya don neman ƙarar injin, domin ƙurar hunturu takan cinye fukafukan turbo.

Ina kuma roƙon hukumar NMDPRA, mai kula da harkokin tacewa da rarraba man fetur, da ta wajabta wa gidajen mai rubuta lambar oktan a jikin kowane famfo, ta kuma buɗe hanyar sayar da mai lamba 95 ga mai buƙata, kamar yadda ake samunsa a wasu gidajen mai na ƙasar Ghana.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano