A dubi rayukan leburorin gini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi, Legas, a Nuwamban 2021 ya ci ran mutum sama da 40, amma har yau ka leƙa manyan gine-gine a Abuja ko Kano za ka ga yaro da silifas yana hawa gora ɗauke da kwanon kankare a ka, ba hular kwano, ba igiyar ɗaure ƙugu, in ya faɗo sai a ce ƙaddara. Wallahi abin yana ci min rai. Dokar biyan diyyar ma'aikata tana nan tun 2010, lebura nawa suka san da ita? A riƙa kai samame, ɗan kwangilar da bai ba da kayan kariya ba a rufe masa aiki nan take.

Naka,
Mai karatu daga Kano