Rahoton Kwamitin Gyaran Zauren Horas da Jagororin Kula da Muhalli

Bayan gaisuwa ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni da malamai, kwamitin da aka ɗora wa gyaran tsohon zauren taro yana sanar da jama'a cewa aiki ya kammala, sai ɗan abin da ya rage. A cikin wannan zaure ne za a riƙa horas da maza da matan da ƙauyukanmu na kewayen Zariya suka zaɓa domin su jagoranci kula da itatuwa da ƙasar noma da hanyoyin ruwa.

Da muka fara duba ginin, mun tarar bangon gabas ya zaizaye daga tushe, rufin soron yana yoyo, gara kuma ta cinye wasu itatuwan da aka taɓa sauya azara da su. Wasu daga cikinmu sun ba da shawarar a rushe shi a tayar da bulo da kwano, amma magina suka nuna mana cewa laifin ba na ƙasa ba ne, domin indararo biyu sun karye tun da daɗewa, ruwa yana kwarara a jikin bango. A yankin da ke samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, wannan sakaci kaɗai ya isa ya kayar da gini. Saboda haka muka tsaya a kan gyara, muna tuna cewa aikin ƙasa da Babban Gwani Mika'ilu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarimu ya haura shekara 150 a tsaye kafin wani sashensa ya rufta a 2023.

An fara aiki bayan girbi. Matasa sun yi gayya wajen kwaɓa ƙasa da buga tubali, an ɗaga tushe da dutse, an mayar da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, sannan aka shafe rufin da laso, wato haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yauƙi. An ƙara tagogi a kudu da arewa domin iska.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne makuba. Daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ita ce kuma ke kare bango daga duka da ruwa yake yi masa, amma sai da muka bi ƙauyuka da dama kafin mu tara abin da zai isa, saboda an sare ɗorawa da yawa an yi gawayi da itacen girki. Wannan ya jinkirta aikin, ya kuma sa kwamiti ya ga cewa darasin farko da ya kamata a koyar a zauren yana jikin bangonsa: idan ɗorawa ta ƙare, ba daddawa da garin ɗorawa kaɗai za a rasa ba, har da abin kare ɗaki.

Ruwan da ke sauka daga indararo yanzu yana bin magudana zuwa kwatami a bayan zauren, inda aka kewaye fili don renon dashen ɗorawa da kaɗanya da gawo. Mun zaɓi gawo ne saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya danne shuka da inuwa, ganyen kuma taki ne. Muna fatan neman shawarar malaman gona na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda ake binciken noma tun 1922, a kan tsara darussan yaƙi da zaizayar ƙasa da haɗa takin gargajiya.

An liƙa lissafin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe su a ƙofar zauren domin kowa ya duba. Banɗakin mata ne kawai ba a yi wa rufi ba, kuma kwamiti ya ɗauki alkawarin gama shi kafin saukar ruwan farko. Makulli yana hannun mai unguwa.